Rufe Wasan Intanet da Komawa ga Littafi: Darasi daga Ƙasar Sin



Gabatarwa

Mai yiwuwa ne waɗansu daga cikin dattawan da ke wannan zaure su yi mamakin yadda za a tara malamai a jami'a domin a yi magana a kan wasa. To, amma wasan da za a tattauna a kansa yau ya wuce langa da dara. Wasa ne wanda magidanta da ma'aikata da ɗalibai masu ɗimbin yawa suka zuba wa shekaru goma ko fiye na rayuwarsu, sa'an nan aka wayi gari an kulle musu ƙofarsa ba tare da an yi shawara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Tambayar da wannan lacca take son amsawa ita ce: mene ne ainihin abin da mutum yake rasawa idan aka raba shi da wasan intanet da ya shaƙu da shi, kuma wane kashi na wannan rashi ne karatun ƙagaggun labaran kimiyya zai iya mayar masa? Domin kada magana ta tsaya a sama, za a ɗauki misali guda a bi shi daki-daki, watau abin da ya faru a ƙasar Sin tsakanin watan Janairu na 2023 da watan Agusta na 2024.

Wasan da aka rufe

Kamfanin Blizzard na jihar Kaliforniya ta Amurka ne ya fito da World of Warcraft a watan Nuwamba na 2004. Yadda ake yin wasan shi ne, mutum zai zauna gaban kwamfutarsa ya ƙirƙiri jarumi, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa ƙabila da sana'ar yaƙi, sa'an nan ya shiga da shi wata ƙagaggiyar duniya da ake kira Azeroth, mai birane da dazuzzuka da tekuna da kasuwanni. A can zai tarar da dubban jarumai suna kai da kawowa, bayan kowane ɗaya daga cikinsu kuwa akwai mutum mai rai zaune a wani gari. Duniyar ba ta tsayawa don wani ya tafi barci. Idan ya dawo da safe zai iske an ci kasuwa, an yi yaƙi, farashin kaya ya sauya. A shekarar 2010 masu biyan kuɗin wannan wasa sun kai miliyan 12 a duniya baki ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, ita wannan duniya ba a cikin kwamfutar ɗan wasa take ba. Tana ajiye ne a cikin manyan kwamfutocin kamfani, tare da jarumin da mutum ya raina da takobinsa da dokinsa da dukiyar da ya tara. Abin da ɗan wasa yake biya wa kuɗi shi ne izinin shiga kawai. Watau dai ɗan haya ne, ko da kuwa ya shekara goma sha biyar yana share tsakar gidan.

Dokar ƙasar Sin ba ta yarda kamfanin waje ya gudanar da wasan intanet shi kaɗai ba, tilas sai ya haɗa kai da kamfanin cikin gida. Saboda haka wasan ya shiga ƙasar a 2005 ta hannun wani kamfani mai suna The9, a 2009 kuma ya koma hannun NetEase na birnin Hangzhou. A tsakiyar watan Nuwamba na 2022 aka ba da sanarwar cewa kamfanonin biyu sun kasa daidaitawa a kan sabunta yarjejeniyarsu, wadda za ta ƙare ranar 23 ga Janairu, 2023. Rabuwar ba ta yi daɗi ba. Kwanaki kaɗan kafin cikar wa'adi ma'aikatan NetEase suka rushe wani ƙaton gatari na ado, alamar wasan, da aka kafa a harabar kamfanin, jama'a suna kallo kai tsaye ta intanet. Shi kuwa Blizzard ya ba 'yan wasa damar kowa ya sauke bayanan jaruminsa ya adana a kwamfutarsa, ko Allah zai sa a sake buɗewa wata rana. 'Yan wasan Sin suka laƙaba wa wannan ajiya sunan tukunyar toka, irin wadda ake zuba tokar mamaci a ciki. Da tsakar daren ranar 23 ga wata, ana tsakiyar bikin sabuwar shekarar Sinawa wadda ta kama ranar 22, aka kashe na'urorin. Tare da World of Warcraft aka rufe Hearthstone da Overwatch da StarCraft da waɗansunsu.

Haka aka zauna har Microsoft ya kammala sayen uwar kamfanin Blizzard a watan Oktoba na 2023, aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da NetEase a watan Afrilu na 2024, wasan kuma ya dawo ranar 1 ga Agusta na wannan shekara. An yi kimanin wata 18 ke nan ƙofa tana kulle. Su ma sun ci sa'a, domin wasanni da yawa in an rufe su an rufe ke nan. An kashe Star Wars Galaxies a watan Disamba na 2011, a ƙarshen watan Maris na 2024 kuma kamfanin Ubisoft ya kashe wasan tseren mota The Crew, har waɗanda suka saya da kuɗinsu suka kasa buɗe shi. Wannan ne ya haifar da wani gangami na neman doka a Tarayyar Turai, wanda masu sa masa hannu suka haura miliyan 1 a watan Yuli na 2025.

Abin da ɗan wasa ya rasa

Idan aka duba da kyau za a ga rashin kashi uku ne, kowanne kuma da irin ciwonsa.

Na farko shi ne tsarin lokaci. Wasan yana ba mutum ayyukan da zai yi kowace rana da na kowane mako, kuma yana biyansa lada. Ladar kuwa an tsara ta ne a kan wata ƙa'ida da masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya bayyana tun a shekarun 1950, sa'ad da yake gwaji da tattabaru: dabbar da ake ba tsaba a kan kari takan huta bayan ta ci, amma wadda ba ta san bugun da zai kawo tsabar ba ba ta daina bugawa. Haka ɗan wasa yake kashe dodo guda sau ashirin, domin bai san karon da takobin da yake nema zai faɗo ba. Ranar da aka ɗauke wannan, sai mutum ya tarar da awa uku ko huɗu na darensa sun zama kufai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar shaƙuwa da wasan kwamfuta cikin kundinta na cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Sai dai hukumar ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, a kuma ɗauki aƙalla wata 12 a haka. Ta kuma ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin yake kai su ga wannan matsayi. Saboda haka kuskure ne a ɗauki duk mai baƙin cikin rufe wasa a matsayin majinyaci. Akasarinsu sabo ne ya ɗaure su, an kuwa ce sabo turken wawa, amma ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba.

Na biyu shi ne wuri. Wanda ya daɗe a Azeroth ya san lunguna da gadoji da mashigai kamar yadda ya san unguwarsu, ya san inda ya fara faɗuwa da inda ya fara cin nasara. Mutum yakan yi kewar wuri ko da na zane ne, muddin ya sha wuya a cikinsa.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne abokai. Manyan dodannin wasan ba sa kasuwa ga mutum ɗaya. A farkon wasan sai an tara mutum 40 kafin a tunkari waɗansu, wannan yana riƙe da garkuwa, wancan yana warkar da masu rauni, saura suna sara, kowa kuma ya san idan ya yi sakaci ayarin duka zai hallaka. Don haka 'yan wasa suke kafa ƙungiyoyi masu shugaba da ma'aji da ranakun haɗuwa. Masanin zamantakewa Ray Oldenburg, a wani littafinsa na 1989, ya yi magana a kan abin da ya kira wuri na uku, watau inda mutum yake zama wanda ba gida ba ne ba kuma wurin aiki ba. Mutanen wannan ƙasa ba sa bukatar dogon bayani a kan haka, domin kowa ya san majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi. Wanda aka rufe wa wasa kamar wanda aka sare bishiyar da suke zama ƙarƙashinta ne, da bambanci guda: shi abokan zamansa suna warwatse a garuruwa masu nisa, waɗansu ma sunan jaruminsu kawai ya sani.

Hanyoyin da aka bi

Hanya ta farko da mutane suke bi ita ce ƙaura. 'Yan wasan Sin da yawa sun koma na'urorin Taiwan suka fara daga tushe, waɗansu suka shiga wasannin wasu kamfanoni. Wannan ba sabon abu ba ne. Mai bincike Celia Pearce ta rubuta littafi a 2009 a kan 'yan wani wasa mai suna Uru, wanda aka rufe a 2004; sun kwashi junansu suka shiga waɗansu duniyoyin intanet, suna kiran kansu 'yan gudun hijira, suna sake gina siffar gidajen da suka baro. Hanya ta biyu ita ce farfaɗo da gawa. Bayan an rufe City of Heroes a watan Nuwamba na 2012, waɗansu masoyansa suka ci gaba da gudanar da shi a ɓoye har asiri ya tonu a 2019, a watan Janairu na 2024 kuma mai wasan ya ba su lasisi.

Duka hanyoyin nan biyu suna da amfani, musamman wajen riƙe zumunci. Aibinsu guda ne: an rabu da Bukar an haifi Habu. Wanda ya bar gidan haya ya shiga wani gidan haya har yanzu makulli yana aljihun wani. A nan ne hanya ta uku take shigowa, watau mutum ya ɗauki sa'o'in da suka zama kufai ya shuka musu karatu.

Dalilin zaɓen labarin kimiyya

Ana iya tambaya: in dai karatu ne, don me sai labarin kimiyya? Amsar tana cikin yadda irin wannan labari yake aiki. Manazarcin adabi Darko Suvin ya bayyana a littafinsa na 1979 cewa marubucin labarin kimiyya yakan shigo da sabon abu guda wanda babu shi a duniyar mai karatu, kamar na'urar ratsa zamani ko baƙi daga wata duniya, sa'an nan ya bi sakamakonsa bisa hankali da hujja. Nan ya sha bamban da tatsuniya. Idan Gizo ya hau sama ba mai tambayarsa da me ya yi numfashi, amma Jules Verne, da ya tashi harba mutane zuwa wata a littafinsa na 1865, sai da ya zauna ya lissafa tsawon igwa da yawan albarushi da saurin da harsashi yake bukata. Lissafin nasa yana da kurakurai, amma ya yarda a kama shi da lissafi, wannan yarda kuwa ita ce ginshiƙin fannin.

To, mai karanta irin wannan labari yana shiga duniyar da bai san dokokinta ba, marubuci kuma ba ya tsayawa ya zayyana masa su gaba ɗaya. Sai ya tsinci wata alama a nan, wata a can, ya harhaɗa, ya yi zato, ya gyara zatonsa. Wannan kuwa shi ne aikin da ɗan wasa ya ƙware a kai. Shekarunsa duka ya yi su ne yana shiga sabon yanki yana gano ƙa'idojinsa ta hanyar gwaji da faɗuwa. Ashe ke nan ba ya zuwa wa littafin hannu rabbana. Ya zo da sana'arsa.

Dalili na biyu shi ne, wannan fanni ya daɗe yana tunani a kan halin da ɗan wasa ya sami kansa. A 1909, tun ba a san rediyo a gidaje ba, marubucin Ingila E. M. Forster ya wallafa gajeren labari mai suna The Machine Stops, watau ranar da na'ura ta tsaya. A cikinsa mutane suna zaune a ƙarƙashin ƙasa, kowa a ɗakinsa shi kaɗai, wata babbar na'ura tana kawo musu abinci da kiɗa, tana haɗa su magana da dubban mutanen da ba su taɓa haɗuwa da su ba. Wata mata mai suna Vashti, wadda aikinta yin lacca ta cikin na'urar, ta ji nauyin roƙon da ɗanta Kuno ya yi mata na ta zo su gana ido da ido. Sannu a hankali na'urar ta fara lalacewa, kiɗa ya gurɓace, ruwan wanka ya yi wari, mutane suna kai ƙara suna kuma sabawa, har ranar da ta tsaya cik. Wanda ya zauna gaban kwamfutarsa a daren 23 ga Janairu yana jiran a yanke shi, in ya karanta wannan labari ba ya bukatar mai yi masa sharhi.

Littafin da wasa yake cikinsa

An yi katari, a makonnin da ake rufe Azeroth ƙasar Sin tana cike da zancen labarin kimiyya. Ranar 15 ga Janairu, 2023, aka fara nuna wasan talabijin mai kashi 30 da kamfanin Tencent ya shirya daga littafin Liu Cixin, ranar 22 ga wata kuma aka saki fim na biyu na The Wandering Earth, wanda shi ma tushensa wani labarin Liu ne. A watan Oktoba na wannan shekara birnin Chengdu ya karɓi baƙuncin babban taron duniya na marubuta da masu karanta labarin kimiyya, karo na farko a ƙasar.

Fannin yana da tsohon tarihi a can. Lu Xun, wanda ake ɗauka uban adabin Sin na zamani, ya fassara littafin Verne na tafiya wata a 1903, da nufin kwaɗaitar da jama'a ilmin kimiyya. A 1983 hukuma ta sa fannin cikin abubuwan da ta ce suna gurɓata tunani, mujallu da dama suka mutu. Wadda ta tsira ita ce ta Chengdu da aka kafa a 1979, wadda daga baya aka sani da Science Fiction World. A cikinta ne Liu Cixin, injiniyan kwamfuta a wata tashar wutar lantarki ta lardin Shanxi, ya fara buga labarinsa kashi-kashi a 2006. Ya fito a littafi a 2008, Ken Liu ya fassara shi zuwa Ingilishi a 2014 da sunan The Three-Body Problem, a 2015 kuma ya ci lambar Hugo, shi ne fassararren littafi na farko da ya ci ta. Sunansa da Sinanci San Ti, ma'ana jiki uku. Ba shi da dangantaka da santin da ake yi a bakin akushi, ko da yake ya sa masu karatu da yawa santi.

Sunan ya samo asali daga wata tsohuwar matsalar lissafi. Idan abu biyu ne kawai suke jan juna a sararin samaniya, kamar rana da duniya guda, ƙa'idojin Isaac Newton sun isa a san inda kowannensu zai kasance bayan shekara dubu. Da zarar an ƙara na uku mai nauyi kamar nasu, sai al'amari ya rikice. Masanin lissafi na Faransa Henri Poincaré ya nuna a ƙarshen ƙarni na 19 cewa ɗan ƙaramin kuskure a awon farko yakan yi ta girma har hasashe ya rushe. Liu ya ɗauki wannan ya tambaya: yaya rayuwa za ta kasance a duniyar da take da rana uku?

Abin da ya sa littafin ya dace da wannan lacca shi ne, ta hanyar wasan kwamfuta ya amsa tambayar. Wani masanin kimiyya mai suna Wang Miao ya shiga wani wasa inda ya tarar da duniyar da wani lokaci rana take fitowa a kan kari, wani lokaci kuma ta ɓace a daskare, ko uku su fito tare kome ya ƙone. Mutanen wurin sukan busar da jikinsu a naɗe su kamar buzu a ajiye har yanayi ya daidaita. Aikin ɗan wasa shi ne ya gano dokar fitowar rana, in ya kasa al'umma ta hallaka a sake sabon lale. A wani zagaye har an jera sojoji miliyan 30 na sarki Qin Shi Huang riƙe da tutoci baƙaƙe da farare, aka mai da su kwamfutar mutane domin su yi lissafin. Daga baya Wang ya gane cewa duniyar wasan kwaikwayon wata duniya ce ta gaske, kuma waɗanda suka gina wasan tarko suka ɗana, suna tace 'yan wasa domin su zaɓi waɗanda za su ja cikin ƙungiyarsu ta masu goyon bayan baƙin da ke tafe su mamaye duniya.

Wannan shi ne abin da littafi yake bayarwa wanda wasa ba zai bayar a kan kansa ba. Muddin mutum yana cikin wasa, tambayarsa ita ce yadda zai ci nasara. Sai ya fita ya tsaya daga gefe ne yake iya tambayar wanda ya gina wurin, da abin da yake nema da shi, da dalilin da ya sa aka tsara lada yadda aka tsara ta. Ɗan wasan da ya karanta San Ti a cikin wata 18 ɗin nan, ko da ya koma Azeroth a watan Agusta na 2024, ya koma ne da sanin matsayinsa a gidan.

Inda littafi ya gaza

Gaskiya ita ce sauyin ba shi da sauƙi. Wasa yana biyan lada kowane minti, da ƙara da walƙiya da lambobi masu hawa, littafi kuwa yana iya cin shafi hamsin bai biya ko anini ba. Wanda ya saba da na farko zai ji na biyu salam a makonnin farko, hannunsa yana ta kai wa waya. Dabarar da ta fi dacewa ita ce ya fara da gajerun labarai waɗanda ake gamawa a zama ɗaya, irin na Isaac Asimov ko Ted Chiang ko shi Forster ɗin, ya kuma sa karatun a daidai sa'ar da ya saba shiga wasa, domin sabo ba ya fita sai an ba shi magaji. In da hali ya riƙi na takarda. Littafin da aka saya ta intanet shi ma sau da yawa haya ne: a watan Yuli na 2009 kamfanin Amazon ya goge littattafan George Orwell, har da 1984, daga na'urorin waɗanda suka saya, saboda wata matsalar haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu. Na takarda kuwa sai dai gara ko gobara.

Da haka littafi zai iya cike gurbin lokaci, ya kuma ba da sabon wuri wanda mai karatu ne da kansa yake gina shi a zuci, ba mai iya kashe masa shi da tsakar dare. Kashi na uku ne ya fi ƙarfinsa. Littafi ba ya tambayar mutum dalilin da ya sa bai zo jiya ba, ba ya kuma yi masa barka in an yi masa haihuwa. Wanda ya maye gurbin mutum 39 da shafi 400 ya yi hasara, ko da shafukan na zinariya ne.

Sai dai tarihin fannin kansa ya nuna mafita. Sa'ad da Hugo Gernsback, wanda aka sa wa lambar Hugo sunansa, ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka a 1926, yakan buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu. Masu karatu suka fara rubuta wa juna, suka kafa ƙungiyoyi, suka buga ƙananan mujallunsu, har a 1939 suka yi taronsu na duniya na farko a birnin New York. Taron Chengdu na 2023 jikan wancan ne. Watau masu karatun labarin kimiyya sun kafa majalisa ta mutanen da ke nesa da juna shekaru da yawa kafin a san intanet, da tambarin gidan waya kawai. Darasin da ke nan ga kowace ƙungiyar 'yan wasa shi ne ta karɓi sunaye da lambobin junanta tun ƙofa tana buɗe, in an rufe kuma ta riƙe ranar haɗuwarta, ta sa littafi guda a tsakiya. Zumunta a ƙafa take, ba ta cikin na'urar kamfani.

Kammalawa

Wannan magana ba ta Sinawa kaɗai ba ce. Samarin ƙasar nan da ke wasa ta wayar hannu su ma 'yan haya ne, hayarsu ma ta fi rauni, domin ban da kamfani akwai wutar lantarki da kuɗin data da igiyar da ke ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris, 2024, sa'ad da waɗansu daga cikin igiyoyin nan suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun ɗanɗana abin da Forster ya hango. Abin tambaya shi ne, saurayin da allonsa ya mutu, in ya miƙa hannu wane littafi zai tarar? Da Ingilishi akwai Binti na Nnedi Okorafor, wanda ya ci lambar Hugo a 2016, da Rosewater na Tade Thompson, wanda ya ci lambar Arthur C. Clarke a 2019. Da Hausa kuwa Umaru Dembo ya buɗe hanya tun 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da baƙonsa daga sararin samaniya. Hanyar tana nan, masu binta ne suka yi ƙaranci. Aiki ne da ya rataya a wuyan sassan harsuna da na kimiyya na jami'o'i su haɗa hannu, masu lissafi su kawo tambaya, masu harshe su kawo labari, a fassara abin da ya cancanci fassara, a kuma rubuta sabo.

A taƙaice, wanda aka raba da wasansa ya rasa lokaci tsararre, ya rasa wuri, ya rasa abokai. Labarin kimiyya yana mayar masa da biyun farko, ya ƙara masa da idon da zai dubi wasan da shi. Na ukun kuwa shi ne zai tashi ya nemo abinsa.

A nan wannan lacca ta tsaya.